Fikafikan Jirgin Kuriakose

Tun asuba Kuriakose yake gaban madubi yana murza gashin baki da man kwakwa. Shugaban gidan tarihin garinmu ke nan, Zakin Teku, gwarzon da ya ci yaƙin shekarar saba'in da ɗaya daga kan kujerar ofis a Kochi, yana buga hatimi a takardun hutu. Ko kwalekwalen fito ya hau sai ya yi amai.

Ranar aka kawo mana kyautar sojan ruwa, tsohon jirgin yaƙi irin wanda ke tashi daga bayan babban jirgin ruwa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran irinsa, yanzu ni ke share harabar. Da aka turo shi bakin ƙofa, fikafikansa suka fi ƙofar faɗi.

Zaki ya buɗe lema, ya gyara murya.

"Jama'a, na yi nazarin jirgin nan tun daga zanensa. Maƙeransa sun yi kuskure, fikafikan sun yi tsawo. A kawo zarto!"

Kafinta Velayudhan ya zo da zarto yana kallon ƙasa.

Na ce, "Yallaɓai, naɗewa suke yi. Ta yaya kake jin ake saukar da shi cikin jirgin ruwa?"

"Ouseph, jirgi ne, ba lema ba. Koma ga tsintsiyarka."

Velayudhan ya raɗa mini, "Yaya, in yanka?"

"Yanka, in yanke maka hannu."

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Zaki ya ci gaba da bayani, ya nuna ƙugiyar wutsiya, wadda ke cafke waya in jirgi ya sauka, ya ce nan matuƙa ke rataye tufafi. Ni dai na haura, na zare makullan, na kama famfon hannu mai tura man da ke naɗe fikafikan. Kafaɗata na ƙara, man ya daskare, amma fikafikan suka ɗaga a hankali har suka miƙe sama. 'Yan dako shida suka tura shi ciki, ko fenti bai goge ba.

"Yawwa!" in ji Zaki. "Gwada ku nake yi."

Ya juya zai bi jirgin, lemarsa ta tokare ƙaramar ƙofar mutane da ke gefe. Ya danna, ya ja, ya girgiza, ta ƙi rufuwa. Sai ya miƙo mini ita ba tare da ya kalle ni ba.