Faifan Jirgin Baba

Ba zan taɓa mantawa da Sallar da na kunyata kaina a falon mahaifiyata Ummi ba. Abu biyu ne a wuyana ranar: sunana na dillalin kayan lantarki, wanda na shekara ashirin ina ginawa a unguwar Kudai ta Makka, da alkawarin da na yi mata.

Babanmu ya yi aikin jirgin ƙasa a Sudan kafin ya iso Makka. Da ya tsufa sai ya haɗa 'yar ƙaramar tasha a kan tebur, da faifai a tsakiya wanda ake ɗora kan jirgi a kai, ya juya shi zuwa layin da ake so. Kowane layi da sunansa. Faifan yakan juya a hankali yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, in ya zo layin Kano sai ya ɗan dakata. Baba bai sake ganin Kano ba tun da ya baro ta.

Bayan rasuwarsa allon wutar da ke sarrafa faifan ya ƙone. Ummi ta ce, "Ya waladi, ɗana, ko sau ɗaya in sake jin faifan nan yana juyawa." Na yi mata alkawari zai juya ranar Salla.

Na leƙa ƙarƙashin tebur na ga wayoyi a cukurkuɗe, dalma guda-guda, har da tsinken ashana a maƙale jikin ƙarfe. Na fizge komai na zuba a shara, na sa sabon allo da sabon inji. Ban gwada ba. (Wane dillali ne ke gwada kayan da ya fito daga kwali?)

Ranar Salla falo ya cika. Na yi ɗan jawabi ma, Allah ya yafe mini, sannan na danna makunni. Faifan ya ɗauki gudu kamar fanka, kan jirgin ya tashi ya faɗa tsakiyar farantin shinkafa, gaban Kawu Idi, aminin Baba.

"Mashallah," in ji Kawu, yana tsamo shi da yatsu biyu. "Ubanka jirgin ƙasa ya bari, kai ka mai da shi na sama."

Aka yi ta dariya. Ina gumi na rage gudun, faifan ya juya sumul, shiru.

Ummi kaɗai ba ta yi dariya ba. "Bai tsaya a Kano ba," ta ce.

"Ina ashanar?" Kawu ya tambaye ni. "Da gangan ya sa ta, ɗan nan. Ita ke riƙe shi a wurin."

Kwana uku ke nan da aka kwashe sharar.

Yanzu na saita sabon allon ya riƙa dakatawa a Kano. Ummi takan saurara, ta ce "Allah ya yi albarka," ta tashi ta shiga kicin. Faifai ya gyaru, kukan ya tafi. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini tsohon kaya shago, kafin in ɗauki filaya sai na tambaye shi hannun wa ya taɓa shi a ƙarshe.