Rasuwar Ɗan Jibiya, Injin Wutar Unguwar Masunta

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ta daina jin komai, Malam Shu'aibu na Unguwar Masunta, Madarumfa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injin wutarsa, wanda aka fi sani da Ɗan Jibiya. Ya cika ranar Talata bayan la'asar, a wannan shekara ta 1996, bayan shekara biyar yana hidima.

Marigayin ya shigo ta garin Ɗan Issa a kan amalanke, ba sabo ba, amma da ƙarfinsa. Mai haƙuri ne. Fetur ɗin kwalba yake sha, ko an sirka da kananzir bai taɓa kai ƙara ba. A ja igiya sau uku, ya yi gyaran murya, ya kama gur-gur-gur. Daga jikinsa waya ta haura katanga zuwa gida tara, kowane gida ƙwan fitila ɗaya, ƙarshen wata a kawo tiyar gero. A ƙofar gidan Shu'aibu ake hira, a nan ake kallon tele, har wanda bai taɓa gaishe shi ba ya koyi ce masa Mai Wuta. Sunan ya yi masa daɗi, ba ya musu.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da wani jami'i ya zo daga Maraɗi, ya bayyana cewa doka ba ta yarda mutum ya sayar da wuta ba, ko da kuwa turken wutar gwamnati bai iso unguwar ba. Kyauta dai ba laifi. Shu'aibu ya mayar da ita sadaka. To, nan fa ake yin ta! Mai saye ana iya ce masa ƙwai ɗaya. Maƙwabcin da ya zo da wayarsa a hannu, ya gaishe ka, ya tambayi iyali, da wane baki za ka ce masa sadaka ta ƙare? Gida tara ya zama ashirin da uku. Marigayin ya fara tari, yana nishi, bai fasa ba.

Ranar sunan jikan maƙwabciya Hajiya Delu aka ɗora masa firiji biyu da lasifika, wani kuma ya jona dutsen guga. Shu'aibu yana tsaye a kansa ya ji muryar injin ta sauya. Hannunsa na kan makunni, amma kunya ta hana shi kashewa ana tsakiyar sha'anin mutane. Ya tsaya yana kallo. Fat, fat, sai hayaƙi. Abdu makanike ya buɗe, ya shinshina, ya mayar da murfi.

Ɗan Jibiya ya rasu ya bar ƙwan fitila talatin da ɗaya, tele guda, rabin jarkar fetur, da mai shi. Shu'aibu bai yi kuka ba. In an ba shi tuwo ya ci, in an kira salla ya tashi. Bai zargi kowa ba, ya san hannun wa ke kan makunni.

Za a ɗauki gawar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe a Maraɗi. Ana zaman makoki a ƙofar gida daga hantsi zuwa magariba, kuma ba a bukatar kowa ya zo da komai. Wurin zama dai akwai shi. Jiya Shu'aibu ya shimfiɗa tabarma bakwai, da yamma ya naɗe shida ba wanda ya taka su.