Haruffa Bakwai a Bikin Vandi

Ko tsufa ya kwashe min komai daga kai, ba zan manta da ranar bikin abokina Vandi ba. Har yau idan na ga makirufo a hannun mutum sai in kawar da kai.

Bari in fara da 'yar na'urar, tunda ita ta ja min. Ƙanena direban babbar mota ne, shi ya tsinto min ita a cikin kayan gwanjo ya kawo tsaraba. 'Yar na'urar gem ce ta hannu, ana buɗe ta kamar gwangwanin hodar mata, da ɗan tsinken roba na taɓa allon. Akwai tseren mota a ciki, akwai dambe, amma ni wanda ya kama ni shi ne wasan haɗa kalmomi. Za a watso maka haruffan Turanci a hargitse, ka jera su su ba da kalma. Ƙananan kalmomi maki kawai suke ba ka. Ba za ka haye gaba ba sai ka gano babbar kalmar da ta cinye haruffan duka. (Na san abin da za ka ce: magidanci, malamin makaranta, ga gemu ga gem. Matata ta riga ka faɗa.)

Matsalata ita ce ba na iya tunani da baki a rufe. Sai na karanta haruffan a fili, ina juya su gaba da baya kamar mai bitar hadda. Vandi, wanda teburinsa ke jikin nawa a ɗakin malamai na makarantarmu da ke Sabon Layi a Mubi, ya saba har ya daina ɗago kai.

Vandi mutumin Michika ne, lissafi yake koyarwa. Amaryarsa Rifkatu 'yar ƙauyen Bahuli ce. Auren ya sha ja-in-ja kafin ya yiwu, domin auren yayarta bai daɗe da mutuwa ba, kuma manyan gidansu ba su huce ba tukuna. Duk wanda ya zo neman aure kallon mai laifi suke masa. Da ƙyar suka yarda.

"Malam, kai za ka riƙe mana makirufo a wajen liyafa," in ji Vandi. "Hausa, Fulatanci, Turanci, duk kana ji. Amma a hankali fa, ka san yadda aka yi da mutanen nan."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni ba yaro ba ne.

Bayan an taso daga coci aka hallara a wani fili, an kafa rumfuna. Na sha shaddata, na karya hula, kuma ba yabon kai ba, na yi abin kirki da farko. Na gabatar da manya, na ba mutane dariya da harsuna uku. Sai aka zo kan nasiha, yayan mahaifin amarya, Baba Iliya, ya miƙe. An riga an raɗa min cewa in ya fara magana sai rana ta karkata. Na miƙa masa makirufo mai waya, nawa marar waya na danna maɓallinsa (a zatona na kashe ke nan), na soke shi a aljihun ƙirji, kansa na kallon haɓata. Na zagaya bayan rumfa kusa da janareto, na zauna a kan akwatin lemo, na zaro abar.

Tun jiya wani mataki ya tsare ni. Haruffa bakwai: R, O, D, C, I, E, V. Na shiga karantawa.

"Ar, o, di, si, ai, i, bi. Kai. Bi, i, ai, si…"

Ƙarar janareto ta toshe min kunne, ban san komai ba. Daga baya a bidiyon bikin na ga abin da ya faru: Baba Iliya na ta zuba nasiha, a ƙarƙashin muryarsa kuma wata murya na jero haruffa daga manyan sifikoki. Mutane na waige-waige. Mai kula da kayan sautin ya tafi neman abinci. Shi kuwa Baba Iliya kunnensa ya yi nauyi, bai fasa ba, har ya zo ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce, "To jama'a, me za mu roƙa wa yaran nan a wurin Ubangiji?"

Ya yi shiru yana jiran amsa. A daidai nan haruffan suka zauna min a kai.

"Dibos!" na ce. "Wallahi dibos ne. Saki ke nan. Shi ke nan, an gama."

Na rubuta DIVORCE, na'urar ta saki ɗan kiɗanta na nasara. Sai na ji kiɗan nan yana dawo min daga can gaban fili, ya ninka ƙarar janareto. Na sunkuyar da kai, na ga jar fitilar makirufo tana kallona daga aljihu.

Na zagayo gaban rumfa. Wurin ya yi tsit. Rifkatu ta kifa kai a cinya. Yayarta ta tashi ta rufe fuska da mayafi, ta nufi hanyar fita. Wani ya matsa ya faɗa wa Baba Iliya a kunne, sai na ga fuskarsa ta sauya, maza uku ko huɗu daga dangin amarya sun miƙe tsaye. Vandi kuwa kallona kawai yake yi. Da ma zagina ya yi.

"Gem ne," na ce. Wannan ma ya fita ta sifika.

Sai wata tsohuwa a babban tebur ta buga sandarta a ƙasa. Mama Kuve ce, yayar mahaifin Vandi, tsohuwar shugabar makarantar firamare da ta daɗe da ajiye aiki. 'Yar ƙarama ce, idanunta sun yi rauni har sai an riƙe mata hannu in za ta sauka mataki. Ta ce a ba ta makirufo.

"Ku zauna," ta ce. Ba da ƙarfi ba. Manya da furfura suka koma kujerunsu kamar 'yan aji ɗaya. (Ashe da yawansu ta hannunta suka bi.) Ta juya wajen yayar amarya: "'Yata, zo ki zauna kusa da ni, ƙafata na ciwo, ina son mai riƙe ni." Matar ta tsaya jim, sannan ta dawo.

Sai Mama Kuve ta juyo kaina: "Kai kuma ɗana mai gem, matso. Haruffan da kake ta karanta mana tun ɗazu, ar, o, di, si, ai, i, bi. Haka ne?"

Na duba allon. Ko ɗaya ba ta kuskure ba, kuma a jeren da suka zo.

"Haka ne, Mama."

"Kai babban kalma ka nema, shi ya sa ka faɗa rami. Mu da muka daɗe a aure mun san da ƙanana ake zama. Ɗauki ar, ai, si, i. Me ya ba ka?"

"Rice," na ce.

"Shinkafa. Vandi, ka ji ko? Kada gidanka ya rasa shi. Mu ma nan tun ɗazu shi muke jira."

Wani ya yi dariya a baya, sai ta bazu. Ni kuwa na daina jin kunyar ma na ɗan lokaci, na saki baki ina kallonta. Ba ta ga allon ba. Ba takarda, ba biro. Haruffan da ta tsinta a cikin hayaniya, ana tsaka da nasihar wani, su take juyawa a kanta kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake. Ta ciro voice, ta ce murya ce, kowa ya sauke tasa in an shiga ɗaki. Ta ciro cover, ta daɗe a kansa. Ta ce rufi ne, rufin asiri, kuma ba tsakanin miji da mata kaɗai ba, har dangi su koyi rufa wa 'ya'yansu in abu ya lalace, maimakon su riƙa nuna su da baki. Tana faɗa tana riƙe da hannun yayar amarya. Na ga Baba Iliya ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Saura ɗaya. Si, o, ar, di."

"Cord, Mama. Igiya."

"Igiya. Ɗana, ku a wajenku igiyan aure uku ne, ko?"

"Uku ne, Mama."

"To mu namu ɗaya ne, shi ya sa muke riƙe shi da hannu biyu. Baba Iliya ya tambaya me za mu roƙa. Ga shi nan Malam ya kawo mana kayan. Haruffan duk ɗaya ne, kowa da abin da zai jera. Mu yi addu'a."

Aka yi addu'a, amin ɗin da aka amsa har cikin ƙirjina na ji shi. Mata suka yi guɗa, masu abinci suka shigo da kuloli. Rifkatu ta ɗago, idanunta jajur amma tana murmushi. Ni dai ina nan tsaye da gem a hannu kamar wanda aka dasa.

Na durƙusa gaban Mama Kuve zan yi godiya, ta kama kunnena ta murɗa a hankali, ta kawar da makirufo daga bakinta (ita ta san yadda ake yi), ta ce, "Ka bar dove, ka bar drive, ka bar video. Wane irin malami ne kai? Ranan Litinin ka kawo min abin nan gida."

Na kai mata. Ni ke karanta haruffa, ita tana kishingiɗe da idanu a lumshe tana ba da amsa kafin in rufe baki. Matakan da suka hana ni sakat ta wuce su tana ɓare gyaɗa. Ta ce lokacin da suke koyarwa a ƙauyukan kan dutse babu littattafai, da irin wannan wasan suke koya wa yara Turanci, a rubuta haruffa a ƙasa da tsinke.

Vandi ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Ranar da ya huce, shigowa ya yi ɗakin malamai ya ce, "Malam Dibos, an tashi lafiya?" Sunan ya bi ni har yau, har ɗalibai na faɗa in sun ga na ba da baya. Aurensu kuwa lafiya lau, da 'ya'yansu, kuma duk Kirsimeti Rifkatu na aiko min da shinkafa, ba ta taɓa cewa komai a kai ba.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka yi tunani, rufe bakinka. In ba za ka iya ba, cire batirin makirufo da hannunka ka ba wani ya riƙe maka. Har yanzu ana gayyatata biki a Mubi, ba ni da ƙorafi. Sai dai yanzu jera kujeru ake ba ni.