Zanena a Cikin Kwamfuta

Ku matso ku ji, ko da yake bakina ya gaji da labarin nan.

Jikata Rabi ce ta haɗa wa ƙungiyarmu ta mata manoma a Kudan shafin rajistar taki a intanet. Ni kuwa kowane buhu nawa sai na ja masa karkataccen zane, shaidar mai shi. Na ce lallai ta saka zanen tsakanin sunana, Hajara, da na mahaifina, Musa.

"Kaka, a wurin kwamfuta wannan zanen mararrabar hanya yake nufi. Bari in gyara tukuna."

"Ke yarinya, shekara hamsin zanen nan bai ɓatar min da ko ludayi ba. Saka!"

Ta saka.

Ranar rabo na ci ado, na shige gaban layi. Malamin da ke rabon ya danna kwamfuta, ya sake dannawa, ya ce, "Inna, wai babu ke." Ashe kwamfuta ta raba ni biyu, Hajara ta bi gabas, Musa ya bi yamma. Kafin Rabi ta gyara, taki ya ƙare. Masarata ta tashi rawaya.

Har yau in ƙawayena suka yi sallama, sai su ce, "Hajara, kina nan, ko mu tambayi kwamfuta?"