Ci Aka Hana, Ba Shafawa Ba

"…lafiya lau, sai ƙofata da ke kuka duk ka shigo. Bi a karkace, Tulu."

Haka Kaka ta amsa gaisuwar jikanta mai aski, wanda kullum da safe yake takowa a ƙafa har gidanta don rage teɓa. Teɓar kam ta fara jin jiki. Abin da ke cin ransa kircin hannunsa ne, don masu zuwa aski sun fara kallon hannun suna cewa bari su je su dawo. Likita ta ce ya riƙa barin abinci ɗaya-ɗaya, mako bibbiyu, har a gano mai tayar masa da ƙaiƙayin. Ya bar ƙwai, ya bar madara, yanzu an zo kan gyaɗa.

"Wane Tulu? Kilo huɗu na zubar, tsohuwa. Nan da wata biyu sai kin sa tabarau za ki gan ni."

"An ɗebi cokali a teku! Ni dai ba na zama da miji mai susa kamar biri."

"Ni ma tausayi ya sa ban sake ki ba. Wa zai kwashi amarya ba haƙori?"

"Da tsohuwar zuma ake magani, yaro. Ina aikena?"

Ya miƙa mata kwalbar man gyaɗa. "Ga shi. Kwana goma sha uku rabona da gyaɗa, amma hannun jiya i yau. Gobe zan gaya wa likita gyaɗa ba ta da laifi."

"Da ma! Rabi na suya, rabi in haɗa maka man shafawarka."

"Wane man shafawa?"

"Wanda kake mulka wa hannun safe da yamma mana. Da me ka zaci nake haɗa shi, ruwan sama?"

Ya dubi hannun, ya dubi kwalbar. Haushi da murna suka kama shi lokaci guda.

"Kaka! Ana zaton wuta a maƙera, ashe a masaƙarki take!"

"Ci aka hana ka. Likitar ta ce kar ka shafa?"

"Shirya, gobe ki tambaye ta da bakinki."

Kaka ta kama hannun ta juya, ta ga yadda ya tsattsage. Can sai ta yi dariya.

"To angona, yau ka kayar da ni. Dawo min da sauran man shafawar in shafa wa ƙofar nan, ita ba ta susa."