Rasuwar Batirin da Wutar Gari Ta Tsotse

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai huce ba, Goggo ta gidan da ke jikin ƙarfen sabis tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Batir, wanda ya shekara bakwai cikin farin akwati a bayan katangarta. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana bakin aiki.

Marigayin ba ya shiga sabgar kowa. Aikinsa ɗaya ne: in an ɗauke wuta ya riƙe sabis har a kawo. Daga inda take wanki Goggo takan ji ya ce ƙas, ya ɗauki "mmmm" ɗinsa, sai ta gyara zama ta ci gaba da waya. Duk sakin da aka yi a layin nan, duk cikin da aka ɓoye, ta hannunsa labarin ya bi, bai taɓa fesa wa kowa ba. Wannan ɓangaren Goggo ce ke riƙe da shi.

Ciwon ajali ya kama shi ranar da masu hular kwano suka ɗaura masa waya mai kaurin damtse. Goggo ta leƙo ta katanga. Injiniyansu ya ce, "Iya, taimako ne. In wutar gari ta yi rauni, batir ya ɗan tallafa mata." Ta ce, "Ɗan nan, yaushe rabon wutar gari da ta tsaya da ƙafarta?" Dariya ya yi. Haka aka mai da marigayin autan da ke ciyar da ƙatuwar yaya marar zuciya. Bai gama cika da caji ba an dawo tatsa. "Mmmm" ɗin ya koma nishi.

Ranar Talatar, 'yar Goggo tana asibiti a gari mai nisa, haihuwa ta ƙi, an shiga da ita tiyata. Surukin ya kira: "Goggo, an fito da ita, amma..." Nan marigayin ya ce ƙas. Bai ƙara ba.

Goggo ta hau kujera, ta hau tsani, ta ɗaga waya sama. Shiru. Duk mutanen layin, kamfani ɗaya suke amfani da shi, ban da matar tela, wadda shekara biyu ba sa ga-maciji da Goggo. Sa'a uku Goggo tana zaune da "amma" a ƙirji, har ta fara kukan mutuwa. Ashe suruki ya kira gidan tela, matar kuma sai da ta bi gida-gida kafin ta iso tana taku ɗai-ɗai: "Au, Goggo, ba ki ji ba? Tagwaye ne, uwar lafiya lau. Ai kowa ya sani."

Matar da ta shekara talatin tana raba wa unguwa labari, ita aka kawo wa ragowar labarin jikokinta.

Marigayin ya bar janareta wanda rabonsa da mai tun bara, da maigadin da ya rasa wurin cajin rediyo, da wayoyi ɗari da suka zama madubi. Ya kuma bar wutar gari, wadda ta sha jininsa tas, har yau ba ta leƙo gaisuwa ba.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da safe a motar kamfani, in injiniya ya tuna hanya. Zaman makoki a gindin ƙarfen. Mai gaisuwa ya tako da ƙafarsa, waya ba ta shiga. Kada kowa ya faɗa wa matar tela. Goggo za ta kai mata labarin da kanta, bayan an watse.