Sifilin Ɗigo

"...lafiya lau, Malama. Dama tun safe zare ke tsinke min a keke, na ce lallai akwai fitinar da ke tafe. Ashe ke ce."

"Ina wuni kawai na ce, Tsoho. Amsa gaisuwa ba a biyan kuɗi."

"Ai na amsa. Me ke cikin ledar nan? In abinci ne ajiye ki tafi. In ɗinki ne ɗauki ki tafi."

Babana ke nan da 'yata. Tun tana rarrafe suke wannan faɗan, shi yana ce mata matarsa marar tarbiyya, ita tana ce masa mijin da aka liƙa mata. Baba tela ne. Ya bar kasuwa da daɗewa amma bai bar keken ɗinkinsa ba, yana nan a ɗakin gaba kusa da taga. Ita kuma koyarwa take yi a firamare, shi ya sa kowa ke kiranta Malama. Ni aikina a gidan in zo duk yamma in tsaya a kansa har ya haɗiye maganin hawan jini, don in na kau da ido sai ya jefa ƙwayar cikin gwangwanin maɓallai.

Ranar Alhamis ce. Jibi Asabar 'yar Malama, wadda muke kira Ɗigo, za ta cika shekara takwas, kuma ba a taɓa yi mata bikin ranar haihuwa ba. Tun bara uwarta ta yi mata alkawari, lokacin mijinta na da aiki. Yau wata biyar da rufe kamfaninsu. Ɗigo ba ruwanta da wannan, ta riga ta zana katin gayyata da hannunta ta raba wa 'yan ajinsu goma sha biyu. Malama kuwa ta rantse ba za ta karɓi taimakon kowa ba. Sau biyu ina cusa mata kuɗi a jaka, sau biyu ina tsintarsu a ƙarƙashin matashina. Taurin kan nan ba daga wurina ta ɗauko shi ba, ga mai shi nan zaune a bayan keke.

"Ɗan aiki ne na minti biyar," in ji Malama. "In hannunka bai fara karkarwa ba."

"Hannun da ya ɗinka miki kayan aure? Da ya yi karkarwa da har yau kina nan gidan kina ƙarar min da sukari."

Ta zaro wani dogon shuɗin ƙyalle, irin wanda ake ratayawa a bango, ta shimfiɗa a teburin yanka. An ɗinka masa manyan lambobi biyu masu ruwan zinariya, takwas da sifili. Baba ya sauke tabarau zuwa karan hanci ya duba, ya mayar, ya sake dubawa.

"Ikon Allah! Yaushe Ɗigo ta cika tamanin?"

"Ba na son surutu. Sifilin za ka farke min."

"Shi ya sa makon jiya na ga haƙoranta na gaba sun zube. Na ɗauka na yarinta ne, ashe sa'ata ce."

"Tsoho!"

"A ina kika samo wannan abin arziki?"

"Shagon kayan biki. Wani ne ya sa aka haɗa masa bai zo ya karɓa ba, mai shagon ya bar min duka a rabin kuɗi. A ninke yake cikin leda, takwas ɗin kaɗai ake gani."

"Malama guda! Mai koya wa 'ya'yan mutane lissafi! Kin sayi takwas an yi miki gyaran sifili, ki gode wa mutumin. Shi mai kayan fa? Ko bai kai ba ne?"

"Kai, bakinka! Yana nan da ransa. 'Ya'yansa ne suka ce kalar ba ta yi musu ba."

"To madalla. Ba na taɓa kayan mamaci sai an raba gado."

"Wai kai har kana da bakin yi wa wani gorin araha? Kai da kake shanya ganyen shayi a taga ka sake dafawa? Rezar nan ta kan kekenka tun ina aji uku nake ganinta."

"Tana yanka ko ba ta yanka?"

"Sai an lallashe ta."

"Kamar ke ke nan. Ke ma ban yar da ke ba. To kek fa, wa zai yi?"

"Ni da kaina. Me zai sa in ba wani kuɗi a kan fulawa da ƙwai?"

"Irin wanda kika kawo min gwaji ranar Lahadi?"

"Ai ka ce ya yi daɗi."

"Ya yi amfani na ce. Ga shi can na tokare ƙofar kicin da shi, tun ranar iska ba ta sake bugo ta ba."

Na danne dariyata don kada a ce na ɗauki ɓangare. Amma tsakani da Allah, kajin maƙwabta ma zagaye shi suka yi suka wuce.

Baba ya ja ledar ya ci gaba da tono. Ya fito da hulunan takarda, kowace da tamanin a goshinta. Ya fito da farantan takarda, tamanin a tsakiya. Daga ƙarshe ya zaro balan-balan ɗaya ya kafa baki. Na ce, "Baba, jininka!" Ko kallona bai yi ba. Yana hurawa yana haki, lambar tana girma, har ta kai faɗin fuskarsa.

Malama ba ta yi dariya ba. Ashe ƙyallen kaɗai ta buɗe a gida, sauran kayan ba ta duba ba. Ta ɗauki hula ta juya, ta ɗauki faranti ta juya, sai ta nemi bakin kujera ta zauna.

"Har da su," ta ce a hankali. "Kuma mai shagon ya ce ba a mayarwa." Ta juyo wurina. "Umma, abu ɗaya Ɗigo ta roƙe ni. Ta ce ko ƙarami ne ba komai, kada dai a yi abin da za a yi mata dariya a aji ranar Litinin. Yaran nan kin san bakinsu."

Tausayinta ya kama ni har cikin ƙirji. Na buɗe baki ke nan ta ɗaga hannu.

"Umma, don Allah kada ki fara."

Baba ma ya watso min wani kallo ta saman tabarau, irin wanda tun ina yarinya na san ma'anarsa: ja bakinki. Ya ɗaure bakin balan-balan ɗin da guntun zare, ya ajiye a cinya, ya gyara murya.

"To, wasa ya ƙare, yanzu maganar haƙƙi za a yi. Kayan nan nawa ne."

"Naka kamar yaya?"

"Me aka rubuta a jiki?"

"Tamanin."

"Duk dangin nan wa ke da tamanin?"

Malama ta share hanci da bayan hannu. Ko tana cikin wane hali, ba ta iya barin maganarsa ta faɗi ƙasa.

"Kai da ba ka san ranar da aka haife ka ba? Katinka na asibiti shekara daban, na banki shekara daban."

"Yawwa. Tunda ba wanda ya rubuta, duk ranar da na ga dama tawa ce. Na zaɓi Asabar."

"Ai ka wuce tamanin tuni. An ce kana wurin aka ƙera allurar farko."

"Rangwame na yi miki. Ba ke ce mai son araha ba? Ki ji min mata! Shekara talatin muna tare, ko balan-balan ɗaya ba ki taɓa hura min ba, sai da na hura da kaina ina neman shiɗewa. To jibi bikina. Abokaina rabi sun riga mu gidan gaskiya, sauran ba sa ji, don haka na gayyaci Ɗigo ta zo min da 'yan ajinsu. Nata da nawa a haɗa. Duk yaron da ya tambayi tamanin, a nuna masa ni, a ce hular tsohon can ce ya ara maka, kuma ka dawo masa da ita."

"Yara za su tsorata in sun gan ka."

"Su tsorata. In sun koma aji ranar Litinin su ce Ɗigo ta yi biki tare da mutumin da ya fi kowa tsufa a duniya. Wace yarinya ce a ajin take da irinsa?"

Na ga murmushi ya fara motsa bakin Malama. Baba ya jawo aljihun keke, ya ɗauko wani ƙullin ƙyalle daga ƙarƙashin zarurruka, ya ajiye a kan tebur.

"Saura kek. Ba zan ci bulo ranar bikina ba, haƙora huɗu suka rage min kuma lallaɓa su nake. Ki je wurin masu yi da gaske, ki ce babba, mai taushi."

"Na ce ba na karɓar kuɗin kowa."

"Wa ya ba ki? Aikenki nake yi. Ko yanzu miji ba ya aiken matarsa? Kuma canjina ki dawo min da shi, na san halinki."

Ta san abin da yake yi, shi ma ya san ta sani. Ta tsaya tana kallon ƙullin, hannayenta a naɗe a ƙirji. Ni dai addu'a nake a zuci kada girman kan nan ya cuci yarinya 'yar shekara takwas.

Baba bai matsa mata ba. Ya miƙa hannu kan kantar da ke bango ya sauko da tsohon littafinsa na awo, wanda bangonsa ya yi baƙi don maiƙon hannu. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa har ya tsaya a wani shafi, ya juya mata shi.

"Karanta, tunda ke ce malama. Awon wa ye wannan?"

Na leƙa, kuma na gane tun kafin ita. Ɗigo bakwaini ce. Sati uku ta yi a kwalba a asibiti, likita ya ƙi yi mana alkawarin komai, shi ya sa ma sunan ya bi ta. Ba rigar da ta yi mata a duk kasuwa. Baba ne ya ba wata nas zare ta gwado masa ƙirjinta da tsawonta, ya dawo nan ya zauna ya ɗinka riga wadda ba ta fi tafin hannunsa ba.

"Ku kuna can kuna kuka, ni ina nan ina taka keke," in ji shi. "Na ce wadda na ɓata zarena a kanta, dole ta tsaya ta saka. Ga shi ta tsaya. Shekara takwas. Sai ki ce ba ni da hannu a kek ɗinta?"

Bai jira amsa ba. Ya ja ƙyallen bangon gabansa, ya ɗauki rezar da aka gama zagi, ya bi ɗinkin sifilin zare bayan zare. Hannun bai yi karkarwa ba ko sau ɗaya. Da ya gama ya hure guntayen zaren, ya shafa wurin da babban yatsa, ko alama babu. Takwas ta tsaya ita kaɗai.

"Wannan na Ɗigo ne, ki rataya mata a inda kowa zai gani." Sai ya ninke sifilin gida biyu, ya kamo hannun Malama ya saka mata a tafi, ya rufe yatsunta a kai. "Wannan kuma ki ajiye mata. Ranar da ta kai, a mayar da shi wurinsa. Ni ba lallai in samu zuwa ba. A dai nemi tela mai hankali, kada ya yi min da baƙin zare."

Malama ta dubi hannunta. Hawaye ya zubo, dariya ta biyo baya, ta rasa wanne za ta tare. Ni ma na juya ina neman abin da ban ajiye ba a kan taga.

"Ka ci, Tsoho," ta ce. Ta ɗauki ƙullin kuɗin ta saka a jaka, sifilin kuma ta zura shi a bayan katin aikinta. "Kyandir nawa za a saka maka? Tamanin?"

"Ki ƙona min gida? Takwas. Ita ta hura, ni numfashina ya ƙare a balan-balan."

Ta ɗauki hular takarda ɗaya ta kifa masa a ka, ta ja robar ta saƙala masa a ƙarƙashin gemu.

"Ka yi kyau, ango. Canji kuma ka manta da shi, ladan aike ne."

"Ɓarauniya! Ku shaida, a gaban uwarta!"

Muna jin dariyarta har ta fita ƙofar gida. Baba ya zauna da hular a karkace, balan-balan a cinya, yana murza zarensa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wai a irin bikin nan, shi mai bikin me yake yi?"

"Zama kawai za ka yi, Baba, yara su yi maka waƙa."

"To ki goge min farar rigata."

Sai ya miƙa hannu da kansa ya ɗauki kwalbar maganin, abin da bai taɓa yi ba sai an kai ruwa rana.

"Miƙo ruwa," ya ce. "Ina da biki jibi."